Tsakanin Kasuwar Ƙofar Ruwa da Asibitin Ƙashi: Maganar Birki

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da maganar tsadar karatun jami'a, to amma ku yi mini uzuri, wani abu ya faru a ƙofar gidanmu ranar Asabar da ya ture wancan alkawari zuwa wani makon.

Da la'asar sakaliya ina zaune a kan dakalin gidanmu na gado a Gwammaja, sai ga ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 22 da ke aji uku a jami'a, ya iso da motar mahaifiyarsa. Ƙauri ya riga shi isowa, irin ƙaurin da mata ke ji su zabura su nufi madafa. Da ya tsaya sai na ga wani siririn hayaƙi yana tashi daga tayoyin gaba. Ya fito a gurguje ya rarumi butar alwala zai sheƙa wa tayar ruwa, na daka masa tsawa, ya ajiye.

Ya ce, "Kawu, birkin motar nan ba shi da kyau. Zagaye huɗu kawai na yi ya daina kamawa."

Na ce, "Zagayen me?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe shi da abokansa sun samu wani fili a bayan gari inda suke gwada gudu da shan kwana duk ƙarshen mako. Da ya ga ban tashi da faɗa ba, sai ya ciro waya ya nuna mini hoton wani fad ɗin birki da ake sayarwa ta intanet, wai irin na motocin tsere ne, yana so in ba shi rance ya yi oda. A lissafinsa, da zarar an ɗaura wannan fad, magana ta ƙare. Motar nan kuwa ita ce ake kai mahaifiyarsa asibiti a ciki duk wata, ita ce kuma ke kai ƙannensa Islamiyya.

Ban ba shi kuɗin ba. Na dai zaunar da shi har aka kira magariba ina yi masa darasin da muke yi wa 'yan aji ɗaya, kuma shi ne nake so in maimaita a nan, domin na lura abin da yaron nan bai sani ba, yawancin masu riƙe da sitiyari a garin nan ba su san shi ba, har da waɗanda suka shekara talatin suna tuƙi.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya koma zafi. Duk ƙarfin da injin ya tara wa mota tana tafiya ba ya ɓacewa idan aka taka birki. Fad ne ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar da ke tsakaninsu ta haifar da zafi, iska kuma ta kwashe zafin a hankali. A ƙaddara mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 100 a awa. Zafin da tsayar da ita zai haifar ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyu, kuma a cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu ake samar da shi, alhali butar shayi ta lantarki sai ta yi mintuna tana fama. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan zafi ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu. Wanda ya tsaya daga kilomita 160 ya ɗora wa birkinsa fiye da ninki biyu da rabi na wanda ya tsaya daga 100. Mafi yawan wannan kaya kuma tayoyin gaba ne ke ɗauka, saboda nauyin mota gaba yake rinjaya idan ta turje.

Na ɗauki takarda na yi wa yaron lissafi. Idan faifan gaba guda biyu sun kai kilo 14 a haɗe, kuma su ne suka sha kashi 70 cikin ɗari na aikin, tsayawa ɗaya daga kilomita 100 za ta ƙara musu zafin digiri 60 da 'yan kai. Wannan ba komai ba ne. Kafin a kai danja ta gaba sun huce. Amma tsayawa ɗaya daga 160 za ta ƙara musu wajen digiri 160, kuma a filin tsere ba a ba su damar hucewa, kwana na bin kwana. Taku uku ko huɗu a jere, faifai ya wuce digiri 400. Fad ɗin da aka yi domin zirga-zirgar cikin gari kuwa garin sinadarai ne iri-iri da aka cuɗa da wani ƙaro aka gasa, kuma wannan ƙaro yakan fara ƙonewa idan zafi ya kai wajen digiri 300 zuwa 400. Yana ƙonewa yana fitar da tururi, fuskar fad ɗin ta yi santsi kamar tangaran. Direba zai ji birkin da tauri a ƙarƙashin ƙafarsa kamar kullum, ya danna iya ƙarfinsa, mota kuwa ta ci gaba da tafiya abinta. Ƙaurin da ya riga yaron isowa gida ke nan.

Akwai ciwo na biyu da ya fi wannan muni, kuma alamarsa daban ce. Abin da ke kai saƙo daga ƙafar direba zuwa taya man birki ne, kuma yana iya wannan aiki ne saboda ruwa ba ya matsuwa. Idan zafi ya ratsa fad ya isa ga man har ya tafasa, sai kumfar tururi ta cika bututun, tururi kuwa yana matsuwa. Nan ne direba ke taka birki ya ji ƙafarsa ta zarce har ƙasa babu abin da ya tare ta. Shi ne abin da muke kira shanyewar birki. A jikin kowace robar man birki akwai rubutu: DOT 3, DOT 4 ko DOT 5.1. Ƙa'idar ita ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. To amma waɗannan mayuka suna da wata ɗabi'a, suna zuƙar laima daga iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. Idan ruwan da suka sha ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 yakan sauko zuwa wajen digiri 140, DOT 4 kuma 155. Shi ya sa yawancin kamfanonin mota ke cewa a zubar da man a zuba sabo duk shekara biyu. Na tambayi yaron yaushe rabon da a canza na motar mahaifiyarsa. Ya ce shi bai taɓa jin ana canza man birki ba, ciko ake yi. Ban ga laifinsa ba. Ni ma sai da na haura shekara talatin kafin in ga bakaniken da ya kawo wannan shawara da kansa.

Wasu kan ɗora laifin a kan zafin Kano. Gaskiya ne a watan Afrilu muna haura digiri 40, amma bambancin digiri 15 tsakanin bazara da hunturu ba shi da wani nauyi a wurin ƙarfen da ke kai 400. Laimar watan Agusta da ke shiga robar man da aka buɗe aka ajiye a kan kanta ta fi zafin bazara yi wa birki illa.

Sai maganar fad ɗin tseren da yake so ya saya. A nan ne na fi daɗewa da shi, domin a nan ne mai ɗan ilimi ya fi jahili shiga haɗari. Fad iri-iri ne. Akwai mai laushi da aka yi da zare da roba da ƙaro, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma ba ya jure wuta. Akwai wanda aka cakuɗa da garin ƙarfe mai yawa, ya fi jure zafi, sai dai yana da ƙara da baƙar ƙura, yana kuma saurin cinye faifai. Akwai wanda ake kira siramik, mai tsafta da daɗewa, wanda ya dace da cikin gari amma ba a yi shi domin azabar tsere ba. Na tsere na gaskiya an haɗa shi ne ya yi aiki a cikin wuta, kuma da yawa daga cikinsu ba sa kamawa sosai sai sun ɗauki zafi. Motocin gasar Formula 1 suna amfani da faifan kabon da ke kaiwa digiri 1,000, kuma direbobinsu sai sun ɗumama birki da gangan kafin a tashi gasa. Yanzu a ɗauki irin wannan ɗabi'a a ɗaura wa motar da za a tayar da sanyin safiya a lungun Gwammaja, inda almajiri ko akuya ko mai adaidaita sahu zai faɗo titi kafin a kai shataletalen Mambayya. Takun farko, wanda shi ne ake bukata, shi ne zai zo da rauni.

Na kuma gaya masa abin da bai so ji ba: fad mai tsada ba ya rage tazarar tsayawa a taku ɗaya. Duk birkin da zai iya ƙulle taya, ko ya tayar da na'urar ABS, ya riga ya yi iyakar abin da ake nema gare shi; daga nan sauran aikin na taya ne da kwalta. Abin da fad mai kyau ke saya maka shi ne taku na biyar ya zama kamar na farko. Shi kuwa yana tsere ne a kan tayoyin gwanjo waɗanda zanensu ya kusa shafewa.

Wannan matsala ta daɗe. Herbert Frood, wanda ya kafa kamfanin Ferodo a Ingila a 1897, ya fara ne da neman abin da zai riƙe kekunan doki a gangaren duwatsun yankin Derbyshire, inda ya yi amfani da saƙaƙƙiyar auduga da aka jiƙa da ƙaro. Daga baya aka koma ga asbestos, wanda ke jure wuta ƙwarai amma ƙurarsa ke jawo cutar daji a huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi kwata-kwata daga 2005. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga yaron gareji ya kafa baki yana hure ƙurar birki, alhali babu wanda ya san da me aka haɗa abin da ya kwance. Birkin faifai da kusan kowace mota ke da shi a gaba a yau, a filin tsere ya yi suna: a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1953, motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta yi nasara, saboda direbobinta suna iya jinkirta taka birki a kowace kwana ba tare da ya gaji ba, yayin da masu birkin ganga ke fama da zafi. Don haka ban raina tsere ba. Makaranta ce da aka koyi abubuwa da yawa a cikinta. A nan gida ma masu bincike a jami'o'inmu, ciki har da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, sun gwada haɗa fad da tuƙar rake da ɓawon ayaba da ɓawon kwakwar manja domin maye gurbin asbestos. Abin takaici, irin wannan aiki yakan ƙare ne a kan kantar laburare.

Mu 'yan Gwammaja muna da wani darasi da Allah Ya ajiye mana a unguwa. Idan ka fito ta wajen gidan Malam Aminu Kano, tafiya kaɗan za ta kai ka Kasuwar Ƙofar Ruwa, inda babu wani ƙarfen mota da za ka nema ka rasa, sabo ko na Beljiyam. Tafiya kaɗan kuma za ta kai ka Asibitin Ƙashi na Dala, wanda tun 1959 yake ɗora karayar mutanen Arewa. Tun ina yaro nake wuce su biyun, ban taɓa haɗa su a raina ba sai da na girma. A kowace kasuwar kayan mota a ƙasar nan, idan ka nemi fad za a tambaye ka, "Wanne kake so, orijina ko mai sauƙi?" Ɗan kasuwa bai ɓoye maka komai ba, ya ajiye maka daraja uku ko huɗu, kai ne za ka zaɓa. Kuma na sha ganin mutumin da ya sayi mota ta miliyoyi, ya sa mata baƙin gilashi da rediyo mai tsada, ya tsaya yana ciniki a kan 'yan dubban da ke tsakanin fad na ƙwarai da na banza. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. A wannan wuri ba ado kaɗai take hanawa ba.

Akwai abin da mai saye zai iya dubawa da idonsa. A gefen fad ko a bayansa, masana'antun kirki sukan buga haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG. Harafin farko yana nuna ƙarfin kamunsa da matsakaicin zafi, na biyu kuma idan ya yi zafi sosai. F ya fi E, G ya fi F. Wanda aka rubuta wa FE yana gaya maka da bakinsa cewa yana raguwa idan wuta ta yi wuta. Kayan da aka yi domin kasuwar Turai kuma suna ɗauke da alamar R90, wadda ke nufin an gwada su an ga ba su kauce wa na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Na san mai jabu ma ya iya buga haruffa, kuma wannan aikin hukumar SON ne, amma kwalin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, babu sunan masana'anta, babu lambar mota, ya riga ya ba ka amsa. Kauri ma abin dubawa ne. Sabon fad yakan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko zuwa 3 ya gama aiki, domin siririn fad ba ya tare zafi, kai tsaye yake miƙa shi ga man birki. Mu kuwa sai mun ji ƙarfe na cin ƙarfe.

Kada mai karatu ya ce shi ba ya tsere, don haka ba da shi ake ba. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, in ka cire Dala da Goron Dutse, shi ya sa direban Kano ke iya shekaru da mataccen birki bai sani ba. Ranar da zai sani ita ce ranar da ya bar gida. Shekarun baya na taso daga Jos zan yi kudu, mota cike da iyali da kaya, na shiga gangaren Hawan Kibo ƙafata a kan birki tun daga sama, ina jin kaina mai hankali tunda ba na gudu. Kafin in kai ƙasa sai na ji ƙafar tana nutsewa. Allah Ya taimake ni na tuna na sauko da giya zuwa ta biyu, na yi ta famfa birkin har na samu gefe na tsaya, hannuna na rawa. Mako biyu kafin tafiyar wani bakanike ya yi mini ciko da man da ya tsiyayo daga wata tsohuwar gora, ni kuma ina tsaye ban ce komai ba. Lissafin a nan ma mai sauƙi ne: motar kilo 1,500 da ta sauka gangara mai zurfin mita 300 a kan birki kaɗai ta tara zafin da ya kai na tsayawa bakwai zuwa takwas daga gudun kilomita 100, a jere babu hutu. Tirela mai tan 40 ta ninka wannan fiye da sau 25, ga shi birkinta na ganga ne, wanda idan ya yi zafi yake buɗewa ya nisanci abin da zai kama shi.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne ɗabi'ar da ta yaɗu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023: direba ya hango gangara sai ya sa mota a firi, wani ma ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Ya cire wa kansa taimakon inji, wanda shi ne birkin da ba ya gajiya, kuma idan ya kashe injin ya kashe abin da ke ƙara wa ƙafarsa ƙarfi. Motocin zamani kuwa da kansu suke yanke mai idan suna gangara a cikin giya ba a taka totur ba, don haka ko tattalin ma bai yi ba. Haɗa wannan da masu zuba ruwan omo a madadin man birki, da masu toshe bututun taya ɗaya idan yana yoyo su ci gaba da lodi da birkin taya uku. Idan abin ya faru sai a rubuta a jarida cewa birki ne ya tsinke, mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi jana'iza a watse. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma kalmar tsinkewa tana sa a ɗauka wata igiya ce ta katse ba zato, alhali a mafi yawan lokuta abu ne da ya yi watanni yana sallama, da ƙara, da ƙauri, da laushin ƙafa, ba a amsa masa ba. Zan so jami'an FRSC da na KAROTA da 'yan bi'ayo su riƙa tambayar shekarun man birki kamar yadda suke tambayar takardu. Na'urar gwada laimarsa ba ta fi alƙalami girma ba.

Butar da na hana yaron ɗauka kuwa, dalili shi ne ƙarfen da ya yi zafi haka idan ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa ko ya karkace. Masu tsere na gaskiya sukan yi zagaye ɗaya a hankali ba tare da taka birki ba domin iska ta yi aikinta, kuma idan sun tsaya ba sa jan birkin hannu ko su bar ƙafa a kan birki, sai su sa wa taya waigi, don kada fad ya manne ya bar tabo a jikin faifai, tabon da ke sa sitiyari rawa daga baya.

Ranar Litinin muka kai motar gareji ni da shi. Aka zubar da tsohon man, wanda ya fito baƙi kamar shayin da ya kwana, aka zuba DOT 4 daga robar da aka ɓalle a gabanmu, aka ɗaura fad irin wanda kamfanin motar ya tsara mata. Na sa shi ya yi abin da ake yi wa sabon fad, wato taku matsakaici kamar sau goma daga gudun kilomita 60 zuwa tafiyar ƙafa ba tare da tsayawa cak ba, a titin da babu jama'a, domin fad da faifai su saba da juna. Na kuma gaya wa mahaifiyarsa komai, abin da har yanzu bai yafe mini ba.

A hanyarmu ta dawowa ya yi mini tambayar da ta fi tawa ƙarfi. Ya ce, "To Kawu, mu da muke son abin nan, a ina za mu yi?" Kano tana da Filin Sukuwa domin dawaki, tana da filin folo, tana da filayen ƙwallo, amma ba ta da wurin da aka gina domin tseren mota. Afirka ta Kudu tana da Kyalami, inda aka yi gasar Formula 1 har zuwa 1993. A nan Arewa ma an san tseren motoci a cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu. Samarinmu kuwa sai titin unguwa ranar ɗaurin aure, a yi ta juyi da mota a tsakiyar 'yan kallo, hukuma ta hana, a yi wata biyu a dawo. Ni ra'ayina, hani kaɗai ba zai kashe wannan sha'awa ba. Fili mai shinge a bayan gari, da motar asibiti a tsaye, da bakaniken da zai duba birki da taya kafin a bar kowa ya shiga, da sharaɗin cewa motar tsere daban, motar kai uwa asibiti daban, ya fi abin da muke ciki yanzu, kuma bai fi ƙarfin 'yan kasuwar garin nan ba. Na gaya masa haka. Ya ce idan an gina zai zama na farko a layi. Na ce da motar da ya saya da kuɗinsa.

Makullin dai yanzu yana cikin jakar yayata. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar kuɗin makaranta.